COMLEX Kaɗai Ko A Haɗa Da USMLE? Jagora Ga Ɗalibin DO Mai Neman Horon Ƙwarewa A Asibitin Sojan Amurka

Tambayar nan ta yi ta dawowa, wani lokaci daga ɗaliban da kansu, wani lokaci daga iyayen da ke zaune a Amurka waɗanda 'ya'yansu suka shiga makarantar likitanci ta DO da tallafin soja: jarrabawar lasisi ɗaya za a zauna ko biyu? Amsar a gajarce ita ce COMLEX, jarrabawar lasisin masu digirin DO, dole ce, USMLE kuwa, jarrabawar lasisin masu digirin MD, zaɓi ce. Sai dai zaɓin nan yana cin kuɗi, yana cin lokaci, kuma idan aka yi shi da garaje yana iya ɓata takardun da suke da kyau. Ga yadda ake yanke shawarar daki-daki.

Kafin mu shiga, a gyara wata fahimta. DO da MD digirin likita ne iri biyu a Amurka, kuma likitan DO cikakken likita ne, yana rubuta magani yana yin tiyata kamar takwaransa mai MD, ba maɗori ba ne. Abin da ya ƙaru a karatunsa shi ne darasin gano ciwo da magance shi da hannu a jijiya da tsoka da gaɓoɓi, wanda suke kira OMM.

1. Tabbatar da ƙofar da ka shigo ta ita

Jami'ar likitanci ta sojan Amurka, USUHS da ke Bethesda a jihar Maryland, digirin MD take bayarwa. Saboda haka ɗalibin DO galibi ta HPSP, tallafin karatun likitanci da soja ke bayarwa, yake shiga soja, ko dai na sojan ƙasa, ko na ruwa, ko na sama. Tallafin yana biyan kuɗin makaranta da na littattafan da aka wajabta, yana ba da alawus da ya kusa dala 3,000 a wata, kai kuma ka biya da shekarun aiki, kusan shekara ɗaya a kan kowace shekarar da aka ɗauki nauyinka. Kana ɗalibi kana riƙe da muƙamin ƙaramin hafsa, ranar da ka kammala a ɗaga ka zuwa kyaftin a sojan ƙasa da na sama, ko laftanar a sojan ruwa.

Gargaɗi: sai ɗan ƙasa ake ba HPSP, katin zama na dindindin bai isa ba. Mai riƙe da fasfo biyu kuma ya shirya amsa tambayoyi a kan haka lokacin binciken tsaro, kuma ya faɗa wa jami'in ɗaukar soja tun ranar farko.

Abin da ya sa wannan mataki ya zo farko shi ne, da zarar ka sa hannu a HPSP, wajibi ne ka nemi horon ƙwarewa ta hannun hukumar zaɓe ta soja. Ba kai za ka zaɓi tsallake ta ka tafi asibitin farar hula kai tsaye ba.

2. COMLEX: wannan ba a tattauna ta

Hukumar NBOME ce ke shirya COMLEX-USA, kuma hawa uku ce. Level 1 ana zaunawa a ƙarshen shekara ta biyu, kuma tun watan Mayun 2022 sakamakonta ci ne ko faɗuwa, babu maki. Level 2-CE ana yin ta bayan shekara ta uku, tana da maki mai lamba uku, kuma 400 ne makin ci. Level 3 sai an kammala makaranta, a shekarar farko ta horo. Babu makarantar DO da za ta ba ka digiri ba ka ci Level 1 da Level 2-CE ba, kuma duk jihohin Amurka hamsin suna karɓar COMLEX wajen ba likitan DO lasisi.

Ga soja, wannan ita ce jarrabawar da kwantiraginka ya rataya a kanta. Faɗuwa a nan na iya jawo dakatar da alawus, ta jinkirta kammalawarka, kuma idan ta maimaitu ana iya cire mutum daga tallafin a nemi ya mayar da abin da aka kashe masa. Duk wani shiri da zai raunana COMLEX domin a ƙawata takarda da USMLE, shirin banza ne. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: ɗalibi ya kwashe watanni yana bin tsarin USMLE, ya bar OMM sai daren jarrabawa.

3. Faɗi gaskiyar fannin da kake so

A nan ne shawarar take rabuwa gida biyu, don haka bari mu ɗan daɗe.

Idan burinka likitan iyali ne, ko cututtukan manya, ko yara, ko tabin hankali, shirye-shiryen horo na soja sun saba da ɗaliban DO ƙwarai, daraktocinsu sun iya karanta makin COMLEX, da yawa daga malamansu ma DO ne. Soja ba wurin da ake yi wa DO kallon raini ba ne. Laftanar Janar Ronald Blanck, wanda ya shugabanci likitocin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 2000, DO ne. Sean Conley na sojan ruwa da Kevin O'Connor wanda ya fito daga sojan ƙasa, waɗanda suka zama likitocin shugaban ƙasa a Fadar White House, su ma DO ne. Ga mai neman waɗannan fannoni, kyakkyawan maki a Level 2-CE da kyakkyawan aiki a zagayen asibiti sun wadatar a mafi yawan lokuta.

Labarin yakan sauya idan ka ce tiyatar ƙashi, ko tiyatar ƙwaƙwalwa, ko fata, ko ido, ko kunne da hanci da maƙogwaro, ko mafitsara. Guraben waɗannan fannoni a soja 'yan kaɗan ne, a wasu ma ana ƙirga su da yatsun hannu a reshe guda. Za ka tsaya layi ɗaya da ɗaliban USUHS da na HPSP masu MD, dukansu da makin Step 2 CK, wato hawa na biyu cikin hawa uku na USMLE, a hannu. Darakta mai takardu goma a gabansa, tara da ma'auni ɗaya, taka da wani ma'auni dabam, sai ya yi lissafi kafin ya san inda zai ajiye ka. Makin Step 2 CK mai kyau yana ɗauke masa wannan wahalar. Tiyata ta gama-gari, da fannin sa barci lokacin tiyata, da na hoton cikin jiki, da na gaggawa suna tsakiya: wata shekarar da sauƙi, wata shekarar da zafi, gwargwadon guraben da soja ya buɗe.

Idan kuwa ba ka san fannin da kake so ba a tsakiyar shekara ta biyu, wanda shi ne halin yawancin ɗalibai, ka ɗauki kanka a matsayin mai neman fanni mai wuya har sai ka tabbatar da akasin haka. Rufe ƙofa ba wuya, sake buɗe ta ne aiki.

4. Auna yiwuwar a tura ka asibitin farar hula

Wannan ne matakin da ɗalibai suka fi mantawa, kuma a ganina shi ne babban dalilin da ɗan HPSP zai zauna USMLE.

Hukumar zaɓe ta haɗin gwiwar rassan soja ba amsa ɗaya take bayarwa ba. Tana iya ba ka gurbi a asibitin soja, kamar Walter Reed a Bethesda, ko Brooke a San Antonio, ko Madigan a jihar Washington, ko Tripler a Hawaii, ko asibitocin sojan ruwa na San Diego da Portsmouth. Tana iya ba ka jinkiri, wato ka je ka yi horo a asibitin farar hula ka dawo ka biya shekarunka. Tana iya tura ka farar hula soja na biyanka albashi, wanda yakan ƙara maka shekarun aiki. Tana kuma iya ba ka shekarar farko kaɗai, daga nan ka fita aiki a matsayin likitan runduna, ko likitan matuƙa jirgin sama, ko na masu aiki a ƙarƙashin ruwa, sannan ka sake nema daga baya.

Idan aka ba ka jinkiri a Disamba, ka faɗa kasuwar farar hula kenan, inda NRMP, tsarin da ke raba guraben horo a asibitocin farar hula, ke fitar da sakamako a watan Maris. A can, duk da cewa an haɗe tsarin amincewa da shirye-shiryen horo na MD da DO wuri guda ƙarƙashin hukuma ɗaya mai suna ACGME tun 2020, kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta AMA ta goyi bayan a ɗauki jarrabawar biyu daidai tun 2018, har yanzu akwai shirye-shiryen da ke tace takardu da makin USMLE. Wanda ba shi da shi, takardarsa ba ta ma isa gaban mutum ba.

Rassan ba ɗaya suke ba a nan. Sojan sama ya fi tura mutanensa horon farar hula, kuma wasu shirye-shiryensa a haɗe suke da jami'o'i, kamar na Wright-Patterson da jami'ar Wright State a Dayton, da na Travis da jami'ar California ta Davis, inda malaman farar hula ke da ta cewa a zaɓe. Sojan ƙasa ya fi kowa yawan asibitocin horo, don haka ya fi riƙe mutanensa a gida. Sojan ruwa kuwa shi aka fi sani da fitar da likitoci aikin runduna bayan shekarar farko. Ɗan sojan sama mai son tiyata yana da dalili biyu na zama USMLE. Ɗan sojan ƙasa mai son likitancin iyali da wuya ya sami ko ɗaya.

5. Tambayi masu zaɓen da bakinka

Zuwa da kai ya fi aike. Kowane reshe yana da babban mai ba da shawara a kowane fanni, kuma kowane shirin horo yana da darakta da jami'in tsare-tsare. Rubuta musu gajeriyar wasiƙa tun kana shekara ta biyu: sunanka da muƙaminka, makarantarka, fannin da kake so, sai tambaya ɗaya tak, shin a 'yan shekarun nan sun ɗauki ɗaliban DO masu COMLEX kaɗai? Ka tambayi likitocin DO da ke cikin horon yanzu su ma, domin sukan faɗi abin da darakta ba zai rubuta ba.

Gargaɗi: kada ka gina shawara a kan labarin wanda ya gama kafin 2022. A zamaninsa Step 1 da Level 1 suna da maki, kuma makin nan ne ake fara dubawa. Yanzu nauyin ya koma kan hawa na biyu.

6. Bari gwajin gida ya yanke hukunci

Ko da matakai na 3 da 4 sun nuna USMLE za ta amfane ka, ba a gama ba. Saura a ga ko za ka ci ta da kyau. Hukumar NBME, ɗaya daga masu shirya USMLE, tana sayar da gwaje-gwajen auna kai na Step 1 da Step 2 CK, NBOME kuma tana da nata mai suna COMSAE, kowanne kusan dala 60. Ka yi su kamar ranar jarrabawa: da agogo, ba waya, ba leƙa littafi. Gwaji ɗaya ba ya isa; nemi biyu ko uku a jere da suka wuce layin ci da tazara mai kwantar da hankali.

Dalilin wannan tsanani shi ne takardar sakamakon USMLE tana nuna kowane zama, har da faɗuwa, kuma ba ta gogewa. Sau huɗu kaɗai aka yarda a gwada kowane hawa. Sannan idan ka ci da maki maras kyau, ba a yarda ka sake don ka gyara ba. Makin cin Step 2 CK ya koma 218 daga Yulin 2025, amma matsakaicin abin da ɗaliban Amurka ke samu yana wajen 250, don haka tsallake layin ci da ƙyar ba ya taimakon mai neman tiyatar ƙashi, tona asiri ma yake yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ɗalibin da ke da Level 2-CE mai kyau ba tare da USMLE ba ya fi wanda ke da ita haɗe da faɗuwa a Step 1.

Kuma kada ka yi tunanin ɓoye faɗuwa. Kai hafsa ne. Idan fom ko mai ganawa ya tambaye ka duk jarrabawar da ka zauna, ƙarya a nan ta fi faɗuwar kanta haɗari.

7. Zaɓi ɗaya daga hanyoyi uku

Hanya ta farko COMLEX kaɗai. Ta biyu COMLEX da Step 1 da Step 2 CK. Ta uku, wadda ta yi farin jini tun da Step 1 ta koma ci ko faɗuwa a Janairun 2022, ita ce a tsallake Step 1 a zauna Step 2 CK kawai, domin dokar USMLE ta yarda a yi hawan biyu a kowane jeri. Hanya ta ukun tana rage kuɗi da haɗari, tana kuma ba ka makin da ake kwatantawa da shi. Aibinta shi ne wasu shirye-shiryen farar hula a fannoni masu zafi suna son ganin biyun. Mai neman fata ko tiyatar ƙwaƙwalwa wanda gwajinsa na gida yake da ƙarfi, ya yi biyun. Mai neman fannonin tsakiya, hanya ta uku takan ishe shi.

Step 3 kuwa ba ruwanka da ita. Level 3 ce za ta ba ka lasisi.

8. Lissafin kuɗi

Kowane zama na Level 1, Level 2-CE, Step 1 ko Step 2 CK yana cin wajen dala 700, kuma farashin yana ɗan hawa kusan kowace shekara. Ƙara USMLE biyu kenan kusan dala 1,400, ban da gwaje-gwajen gida, da rumbun tambayoyi irin su UWorld ko AMBOSS na ɓangaren USMLE da TrueLearn ko COMQUEST na ɓangaren COMLEX, waɗanda kowannensu ke cin ɗaruruwan daloli. Sauya ranar jarrabawa a ƙurarren lokaci ma da tararsa.

HPSP yana mayar da kuɗin jarrabawar da makaranta ta wajabta, wato COMLEX a wurinka. USMLE tunda ba wajibi ba ce ga ɗalibin DO, ka sa ta a lissafin aljihunka, sai fa idan ofishin tallafin reshenka ya tabbatar maka a rubuce cewa zai biya. Ajiye kowane rasit, ka aika takardar neman mayar da kuɗi da wuri.

9. Tsara kalanda daga Disamba ka dawo baya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓen soja yana riga na farar hula da wata uku, kuma wannan ne ke kama ɗaliban da suka bi jadawalin abokan ajinsu. Hukumar tana zama a ƙarshen shekara, sakamako ya fito a tsakiyar Disamba. Ana cike takardar nema a manhajar soja mai suna MODS, ana rufewa wajen ƙarshen Agusta, jerin zaɓin asibitoci kuma wajen tsakiyar Oktoba. Kowane reshe yana fitar da wasiƙar ranakunsa duk shekara. Nemo ta, ka manna a bango.

Ma'anar wannan ita ce makin Level 2-CE, da na Step 2 CK idan ka zaɓe ta, su kasance a hannu kafin ka fara zagayen nuna kai, wato makonnin da za ka yi aiki a sashen da kake nema don su ga ƙwazonka, a asibitocin soja, ko aƙalla kafin a rufe takardu. Sakamako yana ɗaukar makonni, na COMLEX ma a rukuni-rukuni ake sakinsa a ranakun da NBOME ta sanar. Wanda ya zauna a Yuni ko farkon Yuli ya huta. Wanda ya bari sai Satumba yana wasa da wuta, ga shi kuma a lokacin yana tsaye a ɗakin tiyata daga asuba zuwa dare yana ƙoƙarin burge darakta. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai wani tarko tun a baya. Kowace shekara ɗan HPSP yana da kwana 45 na aikin soja, kuma ɗaya daga ciki na horon hafsoshi ne: sojan ruwa a Newport ta Rhode Island, sojan sama a sansanin Maxwell ta Alabama, sojan ƙasa a Fort Sill ta Oklahoma da kuma San Antonio. Ka yi wannan horo kafin fara makaranta ko a hutun bayan shekarar farko. Idan ka ɗage shi, zai zo ya ci karo da lokacin karatun Level 1 ko ya cinye maka damar zagayen nuna kai.

10. Jerin ranakun jarrabawa

Wanda zai yi biyun, abin da aka fi yi shi ne a fara da USMLE, a bar kwana uku zuwa bakwai, sannan COMLEX. Ilimin asali ɗaya ne, don haka karatu ɗaya ne ake yi. Kwanakin tsakiya na OMM ne zalla: wuraren Chapman (wasu ƙananan wurare a jiki da ake dangantawa da kayan ciki), alaƙar kayan ciki da matakan ƙashin baya, gano matsalar ƙashin ƙugu, da dabarun saki da miƙe tsoka. A kuma yi tambayoyin salon COMLEX da yawa, domin sukan zo a gajarce da ƙarancin bayani, ba kamar na USMLE masu dogon labari da lissafin ƙididdiga ba.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, wuraren zama dabam ne: USMLE a cibiyoyin Prometric, COMLEX a na Pearson VUE tun 2023, don haka rajista biyu ce, wataƙila gari biyu. Kujerun Mayu da Yuni suna ƙarewa da wuri, ka kama naka watanni kafin lokaci. Na biyu, sunan da ke kan takardar izinin zama ya yi daidai da na katin shaidarka harafi da harafi. Masu sunaye irin namu, da Muhammad a wata takarda Mohammed a wata, su duba wannan tun ranar rajista, domin mai gadin cibiya ba ya jin bayani.

Idan makaranta ta gindaya makin COMSAE kafin ta sake ka ka zauna Level 1, kamar yadda da yawa suke yi, ka cika wannan sharaɗi kafin ka biya kuɗin Step 1.

11. Bayan maki ya fito

Loda sakamakon a takardarka ta soja, ka kuma buɗe takardar neman farar hula a lokaci guda idan akwai yiwuwar jinkiri, domin shirye-shiryen farar hula suna fara duba takardu tun ƙarshen Satumba. Wanda ya jira Disamba ya tarar an raba ganawa. Idan soja ya ba ka gurbi, sai ka janye daga NRMP.

Ka kuma san iyakar abin da maki ke yi. Masu zaɓen soja suna duba sakamakon shekarun aji, da na asibiti, da bincike, da aikin soja na baya idan akwai, sannan suna ba ganawa da yadda suka ga mutum a zagayen nuna kai nauyi mai yawa. Duniyar likitocin soja ƙarama ce, daraktoci sun san juna, kuma wata guda da ka yi a sashensu kana zuwa da wuri kana sanin marasa lafiyarka yana iya rinjayar tazarar maki goma.

Da ka fara shekarar farko ta horo, yi rajistar Level 3 da wuri. Kwana biyu ake yin ta, makin ci 350. Wanda aka ba shekara ɗaya kaɗai ya fi kowa buƙatar hanzari, domin ba a tura likita runduna ya yi aiki shi kaɗai sai da cikakken lasisin jiha, kuma takardun lasisin kansu suna ɗaukar watanni kafin su fito.